Mai Tulu ta Shataletale

A shataletalen da motocin Samaru
Ke karya kwana su nufi cikin gari,
Akwai su huɗu, siminti da rodi,
Tsaye a kwanon da babu ruwa.

Babana Tanimu ne ya zuba su,
Ina ɗan bakwai, ina miƙa cokali.
Zanen na Habila ne, wani ɗalibi
Mai fensir a kunne, mai faɗin goshi,
Ya ce kowace siffa da abin da take cewa.

Kada, in ji shi, ƙarfin ƙasa ne,
Ba ya haushi, ba ya gudun kowa.

Allo da littafi, baya da baya,
Birni ke nan da jami'a, in ji shi,
Tawada biyu, ruwa guda ke jiƙawa.

Fartanya ya kafa ta kan ƙotarta
Don masu rake a fadamar Galma
Da ba a gayyata ranar buɗewa.

Ta huɗun ce ta jawo magana:
Mace da tulu, ta ɗan karkato shi,
Karamcin gari ga baƙo mai zuwa.

Kwamiti ya zauna har sau uku.
Wani ya ce gunki ne, a rushe,
Wani ya ce ai kuɗi sun riga sun fita.
Aka raba gardama: a shafe fuskar,
Ba ido, ba hanci, ba bakin gaisuwa.

Babana ya shafe da bayan cokali.
Habila ya tsaya har aka kira Magariba,
Ya naɗe takardu, tafiyar da ba dawowa.

Ran biki tanka ta zo da asuba,
Aka cika kwano, aka yanke ƙyalle,
Tulu ya zubo, kada ya yi feshi,
Muka yi tafi har hannu ya yi zafi.
Kwana tara. A na goma famfo ya yi tari,
Ya tofar da tsatsa, ya shiga bushewa.

Yau gari ya yi nasa tafsirin.
'Yan garuwa in sun jingine kura
Cewa suke matar layi take bi,
Ta riga kowa, har yau ba ta samu ba,
Kada kuwa hamma yake don ƙishirwa.

Wani mai faci ya rantse mini allon
Lissafin bashin hukumar ruwa ne.
Fartanya ta zama wurin liƙa fosta,
Fuskar ɗan takara mai yalwar murmushi,
Rana ta koɗar, a manna sabuwa.

Ni abin da na sani daban ne.
Ban lura ba sai bayan rasuwar Inna,
Ina tuƙa keke, cunkoso ya tsai da ni,
Na ɗaga kai na ga wuyan nan,
Yadda ya karkata hagu kaɗan,
Kafaɗa ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta.
Haka take shigowa daga rijiyar unguwa.

Na tambayi tsoho. Ya ɓare goro,
Ya daɗe yana duban ɓarin hannunsa,
Ya ce, "Fuska suka ce in shafe.
Babu wanda ya ce in shafe tsayuwa."

Cikin Agusta, in hadari ya taso
Ta bayan Kufena da tsakar dare,
Tulun kan cika, ba takardar kwamiti,
Ya zubo ta baki, siriri, a hankali,
Kada ya jiƙe, allo ya wanku,
Fostar ta saɓule ta bi kwata.

Da sassafe nakan kashe keken a gefe,
In tsallaka titi, in tara hannuwa
Kamar dā, a tsakar gida, kafin makaranta.
Ta zuba mini, ba ta ce uffan ba.
Dā ma in tana zuba ruwa ba ta tankawa.