Tubali Bisa Tubali

Damina tamanin da uku ke nan na gani.
Ina zaune a zauren da na ɗaga da hannuna
shekarar da aka haifi Mamuda.
Azarar giginyar nan har yau ba ta ce uffan ba,
ni kuwa gwiwa ta fara kai ƙara.

Ubana ya ce da ni a bakin kududdufin Kusfa,
"Taka ƙasa sosai, yaro, ƙasa ba ta son gaggawa."
Na taka, na cuɗa da ciyawa, na mulmula tubali,
na jera su a rana kamar ƙwan zabi.
Da su na ci, da su na sha,
da su na biya sadakin Kuluwa,
fam biyu da sule goma.

Kuluwa!
Shekara hamsin da ɗaya
ban taɓa hawa tsani da yunwa ba.
Kokonta kan riga ladanin unguwa tashi.
In na dawo jikina duk jar ƙasa
sai ta ce, "To, gara ta dawo gida,"
ta kai mini ruwan zafi bayan ɗaki.
Bara waccan muka raka ta, bayan la'asar.
Ni na jera itacen, ni na shafe da laka.
Ban taɓa aiki hannuna na rawa ba
sai ran nan.

Tara ta haifa mini, Allah ya karɓi uku.
Ilu ne ya fi zauna mini a rai,
ƙyanda ta ɗauke shi yana koyon cewa Baba.
Na ji zafi, ba zan ɓoye ba,
na yi mako ina salla baki kaɗai ke motsi.
Sai wata asuba liman ya ja doguwar sura,
wani abu ya yi laushi a ƙirjina
kamar busasshiyar ƙasa ta sha ruwa.
Na tuna aro aka ba ni, Mai abu ne ya aiko.

Shida sun rayu, ba wanda ya gaji taka laka.
Mamuda na jan tirela, Jummai na allura a Shika,
Tanimu ya ce siminti ya fi, ban ja da shi ba.
Amma ga Nusaiba, 'yar Jummai, ta taho daga Samaru
da ma'auni da littafi tana auna bakan gizona.
"Kaka, wane lissafi ka yi?"
Na ce, "Bismilla, sai ido, sai igiya."
Ta rubuta, har da Bismillar.

Na taɓa faɗowa daga soro a Ƙofar Gayan,
na tashi na karkaɗe riga, kafaɗa kawai ta goce.
Da yara suka haɗa kuɗi suka kai ni Makka
kowa na kuka, ni ma na yi nawa,
amma fa sai da na saci kallon
yadda aka ɗora dutse kan dutse.
Allah ka yafe wa magini.

Gidajen da na gina, da yawa an rushe,
an kafa shaguna, an rufe da kwano.
Ba komai, ƙasa ce ta koma ƙasa,
ni ma ina tafe.

Ya Rabbi, ban zo maka da lissafi ba.
Na gode da tuwon da bai yanke ba,
da maƙwabcin da ya ranta mini dawa bai tallata ni ba,
da goshin nan da ya san ƙasa sau biyar kullum,
da jikokin da na daina ƙirgawa
suna tsallake ƙafata suna dariya.
Na gode da Kuluwa. Ka haskaka makwancinta,
ka ajiye mini gurbi kusa da ita.

Ga jemagu sun fara barin rimi.
Sa'adu, miƙo mini butar nan,
ka kama ni in tashi.