Ranar Al'adu a Samaru

Takarda ta sauko daga saman bene,
kalmomi goma sha tara, an ce an hana.
Kada a ce bawa, a ce wanda aka ƙaurar.
Kada a ce hari, a ce cuɗanya.
Na karanta, na ninke ta gida huɗu,
na tokare ƙafar teburina da ita,
dama ya daɗe yana ɗingishi.

Shekari, yaron Kachia, ɗan aji huɗu,
ya kawo min kundi shafi tamanin
kan kakar kakarsa, wadda aka ɗauro da igiya
aka shigo da ita ta Ƙofar Gayan.
Har sunan rafin da aka kama ta ya samo.
Kwamiti ya zauna, aka sha lemo, aka ci biskit,
aka ce aiki ya yi kyau, amma a sassauta,
jami'a gidan kowa ce.

Gidan kowa, in kowa ya kama bakinsa.

Ran Alhamis aka yi Ranar Al'adu.
Aka rataya wa Shekari fata, aka ba shi ƙaho,
'yar Idoma ta sha ja da baƙi,
Bafulatana ta ɗauko ƙwarya babu nono.
Mai hoto ya ce a matso, a yi murmushi.
An shafa wa gyambo lalle,
an ce mu tafa.

Da magariba, wajen mai shayi a bakin kasuwa,
na tarar da shi da Barau, ɗan cikin ganuwa,
suna musu har jijiyar wuya ta miƙe.
Barau ya ce ƙarya ce.
Shekari ya buɗe masa shafi na arba'in.
Ya karanta. Ya daɗe. Shayinsa ya huce.
Can ya ce, ara min in kwana da shi,
akwai wata tsohuwa da aka yi a gidanmu,
tana da tsage irin wannan,
ba wanda ya taɓa tambayar ta garinsu.

Babu kwamiti a wurin, babu mai hoto,
sai hayaƙin murhu da ƙarar janareta.

Da safe na ɗauki jan biro,
na bar kowace kalma a inda yaron ya ajiye ta,
na sa hannu.
Teburin bai ko motsa ba.