Awon Manjo Kakale

A littafin awo na shagona, bakin tashar Kamba,
shafi uku na Kakale ne.

Na fari: ƙugu talatin, kafaɗa sha bakwai.
Yaro ne ya dawo daga Jaji da kai a aske,
kakin gwamnati ya yi masa buhu.
Na rage, na ce ya bar kuɗinsa,
ya ajiye goro biyu a kan keke.

Daga nan sai jin labari:
yana Laberiya, likitan bataliya,
yana ɗinkin da ni ban iya ba,
fatar mutum, da tocila a baki.
Da ya zo hutu na tambaye shi yaƙi.
Ya ce, "Labbo, allurarka ta fi tawa sa'a,
abin da kake ɗinkawa ba ya kiran uwarsa."
Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Shafi na biyu: ƙugu talatin da takwas.
Mikiya ta tashi daga kafaɗa, fansho ya sauka.
Na zaci babbar riga zai ce, mai aska takwas,
irin ta masu neman kujera.
Sai ya shimfiɗa farin yadi, riguna huɗu,
ya miƙo tsohon kakin nan:
"Yanka shi, yi mini jakar almakashi."

Ya nufi Cadi, wani sansani gaba da Abece,
yana cire yanar ido, ko sisi ba ya karɓa.
A waya ya ce wata tsohuwa ta ga jikanta
karon farko, yaro ɗan shekara shida,
ta kama faɗa wai kunnuwan surukinta ya ɗauko.

A rumfar mai shayi ana ta cewa
gida bai ƙoshi ba, an kai wa dawa.
Shinkafarsa a fadama tsuntsu ya ci rabi.
Ni ma na faɗa, amma a ciki,
don kafar allura ta fara ɓuya mini,
Jimmai jikata ke zura zare.

Shafi na uku, bana.
Ya rame, zazzaɓin can ya karɓi rabonsa.
Na zagaya masa tef, na kasa karanta lamba.
Ya kama haɓata, ya juya ni wajen hasken ƙofa.
"Tun yaushe?"
"Damina biyu."
"Ka yi shiru?"
"Kana Cadi."
Ya daɗe yana kallon ƙasa.
"Talata da asuba. Jimmai ta rako ka."

Ran Laraba ya ɓare mini auduga.
Abin da na fara gani wuyan rigarsa ne,
ɗinkina na bara, ya karkace kamar hanyar shanu,
shekara guda yana yawo da shi cikin baƙi.
Na ce, "Tuɓe in gyara."
Ya ce motar Gaya na jira.

Ƙugu talatin da ɗaya.
Da hannuna na rubuta.