Daren Gwaji a Garwa

An ce daga Litinin
cakin Bappa Sali mai albasa
ba zai ƙara kwana tara a hanyar Duwala ba.
Hotonsa kaɗai zai tafi,
takardar ta zauna a teburina
kamar ƙwanson da ɗan tsako ya bari.

Yau daren gwaji.
Ƙarfe goma aka ɗauke wuta,
janareto ya yi tari biyu, ya miƙe.
Dudu, wadda ta yi kwas a Yawunde,
ta tura sefa dubu zuwa wani banki a Marwa.
Manaja na zagaye, waya a kunne:
hedikwata na tambaya, mun shirya?

Shekara ashirin da uku ina buga hatimi,
har ɗan yatsana ya yi kanta.
Na san sa hannun 'yan kasuwa
yadda masunci ya san gurbin Binuwai.
Wa zai gaya wa na'ura
hannun Bappa na rawa tun jinyar bara,
kada ta ce jabu ne?

Sha ɗaya saura, Marwa ta amsa: ya iso.
Suka tafa. Ni ma na tafa.
Na sa hatimi a aljihu,
tawada ta ɓata mini farar riga.