Kankana a Kasuwar Corsu

Shekara goma sha tara ina nan, ƙarƙashin shuɗiyar ƙubbar Corsu,
ni Ravshan, ɗan mai kankana, jikan mai kankana.
Tun daga bakin ƙofa nake karanta mai saye,
yadda manomi ke duban hadari ya san ko zai zuba.

Wanda bai san komai ba, shi ne sauƙin yinina.
Ya nuna babbar, ya ce, "Waccan,"
ya ƙirgo som, ya rungume ta kamar jinjiri, ya wuce.
Ba ya tambaya, don bai san inda tambaya ke kwana ba.
An ce rashin sani ya fi dare duhu,
amma na ga masu barci mai daɗi a cikin duhun nan.

Sherzod ne ya sha mini rana.
Ya zo da hantsi, waya a hannun hagu,
ubansa na kwance a asibiti, bakinsa ya ƙi komai,
sai kankana, irin ta ƙarshen Agusta, irin ta ƙuruciyarsa.
Wayar ta ce masa: ƙwanƙwasa ka saurara.
Ya ƙwanƙwasa goma sha ɗaya, kunnensa manne da ɓawo,
kamar mai sallama a gidan da ba kowa.
Wani ya rubuta: nemi tabon rawaya inda ta kwanta a ƙasa.
Wani ya ce ƙarya ne, zanen jiki za a duba.
Ya tafi rumfar Dilshod, ya dawo,
ya sake tafiya, ya dawo da gumi a wuya.
Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, haka na ce a raina,
ya san akwai mai lami, bai san fuskarta ba.

Sai ga Tursunoy-opa da sandarta,
wadda ta ƙarar da ƙarfinta a gonakin gandu,
rana ta gasa bayan hannunta kamar gurasar tanderu.
Ba ta ƙwanƙwasa ko ɗaya ba.
Ta taɓa busasshen ƙunƙun da babban yatsa,
ta ɗaga, ta bar nauyin ya yi mata magana,
sannan ta dube ni, tambaya guda tak:
"Yaushe aka yanke mata ruwa?"

Akwai mutanen da ba a yi musu ƙarya,
ba don tsoron Allah kaɗai ba.
Na ce, "Kwana tara kafin a tsinka."
Ta ajiye, ta ɗauki wata ƙarama, mummuna, mai karkataccen gindi,
ta dangwara a ƙirjin yaron.
"Kai wa ubanka. Kada ka sa ta a firji."

Na ɗauka labari ya ƙare.
Amma ga rumfar kayan waya can kusa da matakala,
na hango tsohuwar ta zaro matacciyar wayarta daga jaka,
tana neman igiyar caji, idonta na yawo kamar baƙuwa.
Ta nuna kwali mafi girma, mai walƙiya,
na ga leɓenta ya ce, "Waccan."

Sherzod, da kankana a hammata, ya tsaya.
Ya karɓi wayar, ya leƙa bakinta sau ɗaya,
ya yi wa mai rumfar wata gajeriyar tambaya,
mai rumfar ya sunkuya, ya jawo wata daga ƙasan tebur.

Sun fita tare, tana gaba, yana baya.
Ni kuwa ga goma sha ɗayan nan da suka sha ƙwanƙwasa,
uku a ciki na san ruwa ne zalla.
La'asar ta yi sanyi, inuwar ƙubba ta miƙe.
Na goge su da tsumma, na juya babbar ta fuskanci ƙofa.