Kukan Modem a Daren Ruwa

Kwana huɗu ruwa bai ɗauke ba a tsibirin Chiloé,
kwanon rufi na mita, ni ma ina tayawa.
Tun Lahadi Marisol ta bugo daga Suwidin:
"Baba, na turo hoton jaririn, ka buɗe ka gani."
Buɗewar, ai nan gizo ke saƙar.

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran injin jirgin masunta,
tun daga gaɓa kunnena ke gane fistan mai ciwo.
Yau ga ni gaban farin akwati, tabarau a karan hanci,
allo na ce mini wai babu sautin layi.
Na ɗaga kan tarho: zuuu, garau.
To cikinmu wa ke ƙarya?

Na durƙusa bayan tebur, gwiwa na ƙara kamar tsohon ƙyaure.
Ramuka biyu ne, kamar an tsaga kara,
ashe na cusa igiyar inda ba gidanta ba.
Rosalba na feraye dankali a gindin murhu,
ba ta ce komai ba, kafaɗunta ne suka yi dariyar.

Na sake dannawa.
Ya ƙirga lambobinsa ɗaya bayan ɗaya,
ya yi fito, ya yi tsuwa,
ya yi cuuu kamar an tsoma kifi a tafasasshen mai,
sai ɗif.
Wai ta can ɓangaren ba ta amsa ba.

Nibaldo ɗan maƙwabta ya shigo, bargonsa na ɗiga,
shekararsa sha biyar, yatsunsa ba sa shawara da kowa.
Ya ce na bar maɓallin manyan baƙaƙe a kunne,
shi ya sa kalmar sirri ta ƙi ni.
Ya kashe jiran kira, ya rage gudu,
ya rubuta wasu haruffa da ba su haɗa kalma ba.
Muka shiga minti ɗaya, aka koro mu.
Ya ce, "Layin ne," ya ci burodi biyu, ya tafi.

Da dare ya raba na kashe rediyo,
na kara kunne yadda nake wa inji.
Ƙarƙashin tsuwar akwai wani ƙas, ƙas,
yana zuwa in iska ta taso, yana lafawa in ta lafa.
Na san wannan muryar.
Gishiri ne da danshi, tsofaffin abokan gabata.

Tocila a baki, tsani na santsi,
na buɗe ɗan akwatin da ke ƙarƙashin indararo.
Tautau ya yi ɗaki, wayoyi sun yi kore shar.
Na kankare su da wuƙar ɓare kawa,
na ɗaure, na shafa giris ɗin jirgi,
na yanka gorar roba na kifa masa hula.

Wannan karon kukan ya tafi santal,
ya kai ƙarshe, ya yi shiru irin na yarda.
Hoto ya fara saukowa layi-layi,
kamar mai jan taru da nauyi.
Ga hular ulu shuɗiya, wadda Rosalba ta saƙa.
Ga goshi.
Ga gira, ko kuwa wurin da gira za ta fito.
Ga ido.

Murna ta kwashi Rosalba zuwa kicin,
ta sure ɗayan tarhon, ta sanar da yayarta Ercilia.
Ƙit.

Rabin allo yaro, rabin allo toka.
Ta dawo hannu a baki, na matsa mata a benci.
Muka zauna muna kallon ido biyu,
idon mahaifina sak, har da ɗan fushin.
Baki da haɓa suna can cikin waya,
wani wuri tsakanin nan da Suwidin.

Na ce ta zauna a kan hannuwanta.
Na sake dannawa.