Nono a Kan Ganye

A Bogor ruwa ba ya sallama,
la'asar na yi rufin kwano zai ɗau kiɗa.
Entin na tsugune a bayan gida
tana ɗaure reshe da zaren buhu
jikin sandar da ta naɗe da gashin kwakwa.

Shukar mai hawa ce.
Saiwa take miƙawa cikin iska
kamar mai laluben bango a duhu.
Ganyenta rabi kore shar,
rabi sai ka ce nono aka ɓarar
aka manta ba a goge ba.

Farin ake zuwa gani,
amma bai iya ci da kansa ba.
Koren ke shan rana, ya dafa, ya ba shi.
Ranar da wani ganye ya fito fari fat
maƙwabta suka taru ɗaukar hoto,
ita kuwa almakashi ta ɗauko.
Ta san kafin sati uku zai ƙone daga baki.

Shekarun baya, gaɓa ɗaya mai ido
ta saya wa mijinta Endang babur.
Bana dillalin Jakarta ya taya
kuɗin rabin buhun shinkafa.
Endang ya ce a zuba barkono a tukwanen.

Ba ta tanka ba.
Ta tura yatsa cikin ɓawon itace da gawayi,
ta ji da sauran laima, ta ajiye butar.
Can sama, dab da rufi,
sabon ganye na nannaɗe kamar tabarma,
bai gaya wa kowa launinsa ba tukuna.